Ranar da Dervla Ta Ƙi Kiran Kowa

Dervla ta tsufa tana gyaran kifi a wani garin masunta a yammacin Ireland, amma ba da kifi aka san ta ba. Tana budurwa wani mawaƙi mai jita, Malachy, ya roƙe ta ta yi masa amshi a faifansa. Faifan ya karɓu, shi ya koma birni ya ajiye tumbi, ita ta koma kan wuƙarta. Wannan bai taɓa damunta ba. Masoyan faifan ne suka ishe ta.

Duk shekara sai su cika gari kamar fari. Su tare ta a hanya, "Wayyo, ke ce mai muryar nan? Da waƙarku muka yi rawar aurenmu!" Ana rungumarta ana kau da hanci saboda ƙarni. Tir da irin wannan ƙauna.

Bana Malachy da kansa ya zo zaman waƙa na ranar Lahadi a mashaya. Al'adar garin, wanda ya gama waƙa shi ke kiran na gaba, wanda aka kira kuwa tsit ake yi masa, ko tari sai ka haɗiye. Abu ɗaya Dervla ke so: a saurare ta da muryarta ta yau, wadda ta yi kauri, a waƙar da ta tsara wa ƙanenta da teku ya ci.

Malachy ya rera tasa ya kai aya, aka yi tafi. Ya ce, "Na kira Dervla. Tashi, 'yar gari, kar ki ba ni kunya."

Ta rufe ido ta fara. Ko baiti ba ta ƙarasa ba wani baƙo mai gemu ya ɗaga murya, "Haba Anti, ta faifai muke so!" Ya ja waƙar, sauran suka amsa, ƙarti da gashin baki suna maƙale murya wai su 'yar budurwa. Wani tsohon masunci ya buga tebur, "Ku rufe mana baki, marasa kunya!" Ina, wa ya ji shi. Malachy kuwa, ɗan neman suna, sai ya washe baki ya ɗauki jita ya bi su.

Dervla ta ja bakinta ta tsuke. Tana tsaye suka yi abarsu har ƙarshe, wasu har da hawaye. Wata ta riƙo hannunta tana sheshsheƙa, "Baiwar Allah, muryarki ba ta canja ba ko kaɗan!"

Dervla ta zare hannunta.

Malachy ya ce, "To, wa kika kira?"

Ta ɗauki rigar sanyinta. "Ni da ban yi waƙa ba, wa zan kira?"

Ta fice. Baƙi suka yi ta ihu a ci gaba, amma 'yan gari ɗaya bayan ɗaya suka mayar da goge da sarewa cikin jaka. Ba a kira kowa ba, waƙa ta mutu ke nan.