Jirgin da Ke Kaɗa Jela Bayan La'asar

Mu tagwaye ne, ni da shi, kuma tun muna yara Inna ba ta taɓa saya wa ɗaya abu ta bar ɗaya ba. Da muka girma shi ya gaji halin. Yana fatauci ta Kongolam, bakin iyaka, ni ina koyarwa a firamare nan cikin Daura, sai ga shi wata rana da kwali biyu a bayan mota. Jirage ne masu saukar ungulu, 'yan ƙanana, kowanne bai fi tsawon hannu ba, kowanne da rimot ɗinsa. Na ce masa, kai yanzu da gemunka? Ya ce to bar naka a kwali. Ban bari ba.

Da yake kamfani ɗaya ya yi su, murya ɗaya suke ji. In na taɓa rimot ɗina nasa ya motsa, in ya taɓa nasa nawa ya karkace, don haka sai dai mu yi ta karɓa-karɓa. Nawa bai yi ƙarko ba. Ni mutum ne mai gaggawa, na maka shi da katangar makaranta ya yi raga-raga, rimot kawai ya rage mini. Shi kuwa hannunsa sanyi gare shi. Yana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi: kafin ya ɗaga jirgin sai ya kaɗa masa jela hagu sau biyu, wai gaisuwa yake yi. Kullum bayan la'asar, a tsakar gida, Inna na zaune bakin ɗakinta tana cewa Allah ya shirye ku.

A farkon damina ya kawo mini jirgin nasa da ƙullin kaya daga Kano. Sabon inji wanda ba ya zafi, fukafukai baƙaƙe marasa nauyi, da wani ɗan akwati da ake kira jairo, mai hana jela yawo. Ya ce in haɗa masa, tunda ni ke da haƙurin karanta takardar kamfani. Ya ce saura abu ɗaya na hanya, sabon rimot da sabon kunnensa da ake ɗaura wa jirgin, irin waɗanda in an haɗa su ba sa jin kiran kowa sai junansu. Bai ga isowarsu ba. A hanyar Baure motarsa ta kife, aka kawo mana shi a rufe. Rimot ɗinsa kullum a mota yake, na ɗauka ya tafi tare da gilasai da sauran tarkace.

Inna ba ta yi kuka ba, ko a ranar. Ta karɓi gaisuwa da carbi a hannu, mata na ta yaba dauriyarta. Matarsa ta shiga takaba a sashensu, bayan katangar da ta raba tsakar gidanmu, ni kuwa ba na leƙawa can, matata ke kai mata abinci. Da aka watse daga zaman makoki na rasa inda zan sa kaina, sai na jawo jirgin.

Aikin ya ci ni, kuma na gode masa. Na cire tsohon inji na ɗaura sabo. Fukafukan nan biyu na ɗora kowanne a kan bakin reza in ga inda nauyinsa ya tsaya, ɗaya ya ɗan fi, na naɗa wa marar nauyin salatif har suka zo daidai. Na ɗebi janfarcen matata na shafa a bakin ɗaya, don in suna juyawa in gane wanda ke hawa sama da ɗan'uwansa. In jan ya hau, in tsayar, in murɗa siririn ƙarfen da ke riƙe da shi kaɗan, in sake gwadawa. Don kada ya tsere mini, na kife turmi na ɗaure ƙafafunsa a kai da igiya.

Wata la'asar na jona masa batir, rimot ɗina na ajiye can kan tabarma a kashe, ina neman ƙaramar sukuddireba. Sai na ji ɗan ƙara a bayana, zii, zii. Na waiga. Farfelar jela ta juya kaɗan ta tsaya. Na tsaya ina kallo kamar wawa, ba abin da ya sake motsi. Na ce jairo ne, sabo ne, bai zauna ba.

Washegari ya sake, kusan lokaci ɗaya. Wannan karon na cire batura daga rimot ɗina gaba ɗaya na zuba su a aljihu, na zauna na zuba masa ido. Hadari na haɗuwa ta gabas, gari ya yi wannan shirun da tsuntsaye ma ke yi. Manyan fukafukan suka fara juyawa a hankali, jan bakin nan na wucewa ta gabana, yana dawowa, yana wucewa. Ban san Inna na tsaye a bayana ba sai da ta ce, “Wa ke tuƙa shi?”

Na ce, “Ba kowa, Inna. Iska ce.”

Ni iskar hadari nake nufi, ita na ɗora wa laifin don in kwantar mata da hankali. Ta dube ni ta ce, “Na sani. Abin da nake tsoro ke nan.” Ta ɗauka iskar da ba a gani nake nufi, irin wadda ke shiga mutum. Na buɗe baki in gyara, sai na lura ko ganyen darbejiyar gidan bai motsa ba.

A ƙauyen su Inna, can wajen Baure, ana cewa in ɗan tagwaye ya rasu ba ya iya zama shi kaɗai, sai ya dawo ya ja ɗan'uwansa. Camfi ne, na faɗa mata, malamin unguwa ma ya faɗa mata, ta ce ta ji. Amma daga ranar tuwo ya daina wuce mata. In zan tafi makaranta sai ta raka ni har zaure, in na yi latti in tarar da ita a tsaye a can. Ta hana ni hawa babur. Zanenta ya fara yi mata yawa, wuyanta ya fito. Ta ce in ƙona abin nan. Raina ya ɓaci, na ɗaga mata murya, na ce shi ne abu na ƙarshe da ya sa ni in yi masa, ba mai ƙona shi. Ta ce, “To ka bar jona shi.” Wallahi na yi niyya. Amma da an sallame la'asar sai in ga hannuna ya kai ga batir. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma ina so in gani.

Ranar da abin ya kai maƙura, Inna na zaune da kwanon da ba ta taɓa ba. Injin ya tashi da ƙarfi, ba a hankali ba, har igiyar ta miƙe, turmin na rawa. Sai jelar ta kaɗa hagu. Ta dawo. Ta sake kaɗawa hagu. Inna ta saki salati, kwanon ya kife. Ta rarrafo ta riƙe ƙafata da hannu biyu tana cewa, “Ba za ka tafi da shi ba! Ka bar mini ɗaya!” Ba da ni take magana ba. Na fizge wayar batir, na kasa ko ɗaga Inna daga ƙasa.

Matata ce ta warware abin, ba ta ma san ta yi ba. Da safe tana haɗa mini shayi ta ce in na fita in sayo ƙananan batura, matar Yaya ta sake aikowa. Na ce sake? Ta ce ai wannan ba shi ne na farko ba. Na ce na mene ne, ita da ba ta da rediyo? Matata ta ɗaga kafaɗa. Na ajiye kofin.

Na kama hannun Inna muka zagaya sashen. Ita ta shiga, ni na tsaya daga bakin ƙofa na yi sallama, labule a tsakaninmu. Bayan gaisuwa na ce, “Matar Yaya, don Allah rimot ɗin jirginsa na wurinki?”

Ta ce, “Yana nan, Malam. Cikin jakar da aka kawo daga wurin motar na same shi. In kana so a kawo maka.”

Na ce, “Kina kunna shi?”

Muryarta ta yi ƙasa, kamar wadda aka kama da laifi. Ta ce in la'asar ta yi ɗakin na yi mata faɗi. Ta ce da can in ba kowa marigayin yakan tsaya a bayanta ya ɗora hannunsa kan nata, ya koya mata, a tura wannan sama, a kaɗa wannan hagu sau biyu. Shi take yi. 'Yar fitilarsa na kamawa, shi ke nan, sai ta kashe ta mayar ƙarƙashin filo. Ƙarar da take ji ta bayan katanga kuwa, ta ɗauka ni ne ke gwaji.

Na ce mata jirgin na jin ta. Na ce duk abin da ta yi a nan, yana yi a can.

Can ta ce, “Yana amsawa?”

Inna ce ta ce mata, “Yana amsawa, 'yar nan.”

Ranar Inna ta ci tuwo, har ta nemi ƙari. A makon sabon rimot ya iso daga Kano da kunnensa. Na baje su kan tabarma zan haɗa, Inna ta tambayi ko na mene ne. Na bayyana mata cewa in na sa wannan, jirgin ba zai ƙara jin tsohon rimot ba har abada. Ta ce, “Mayar da shi kwali sai ta fita takaba.” Daga nan kullum bayan la'asar ni ke jona batir, Inna ta jawo kujerarta kusa da turmi, mu zauna har jelar ta kaɗa sau biyu.

Da takaba ta ƙare danginta suka zo daga Mai'adua suka tafi da ita. Ta tafi da rimot ɗin, ban tambaye ta ba. Na haɗa sabon kunne, na daidaita jairo, na kwance igiyar. Jirgin ya tashi sumul, ya tsaya cak a sama daidai kan darbejiya, ko gezau jelar ba ta yi. Abin da ɗan'uwana ke nema ke nan tun farko, kuma na iya. Na waiga in ga ko Inna ta gani.

Ta gani. Ta daɗe kanta a sama, tana jira. Sannan ta ce, “To, yanzu kam ya tafi,” ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska, ta fara kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka kawo shi.