Sunan 'Yata a Ƙarƙashin Kyandir

Shekarar da korona ta sa aka rufe masallatai da coci-coci, muna zaune a Guéma, cikin Parakou, a gidan da surukata ta gada. Ita tana Djougou, amma ko tsintsiya ba ta canza wuri a gidan sai labari ya kai mata ta waya. Ɗakin ƙarshe, kusa da rijiya, wata tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, ce a ciki, 'yar Katolika, ita kaɗai. Maman muke ce mata. Shekara uku muna gaisawa, ban taɓa leƙa ɗakinta ba.

'Yata ta fari ta zo daga Djougou goyon ciki, wata bakwai. Ba ta yi kwana goma ba zazzaɓi da tari suka kwantar da ita. A likita, wato asibiti, aka ce na sauro ne, amma matan unguwa suka daina shigowa ɗibar ruwa.

A kwanakin ne Maman ta tare ni ina wanke-wanke.

"'Yar'uwa, yarinyar nan, mene ne sunanta na yanka?"

Ni ban taɓa kiran sunan 'yar fari da bakina ba, kunya ce tamu. Na yi murmushi na ce a kira ta yadda kowa ke kiranta. Sai ta wuce ni, ta tsaya bakin taga ta tambayi mai sunan. Yarinya ba ta san komai ba, ta faɗa.

Abin ya tsaya mini a rai. Mai gaisuwa me zai yi da sunan yanka?

Na fara lura da ita. Kullum kafin la'asar takan ja labule rabi, ta kunna kyandir rana tsaka, ta zauna kan kujera ta rufe ido. Da carbinta mai gicciye take ja, da ban damu ba, na saba ganinsa. Amma hannu a cinya, baki ba ya motsi, har kusan awa guda. Mu dai addu'a da lafazi muka san ta. Kuma kujerar, bangon ɗakin 'yata take kallo.

Ran nan ta tafi kasuwa, iska ta ɗaga labulen. Ƙarƙashin kyandir akwai takarda. Na yi shekara biyu a ajin yaƙi da jahilci, a hankali nake karatu, amma wannan sunan ko daga nesa na san shi. Sunan 'yata ne.

Kuskurena, na gaya wa ƙanwar maigida. Kafin azahar waya ta yi ƙara.

"Ke, suna a takarda, wuta a kai, har kina tambaya ko mene ne?" in ji surukata. "Jikata da ciki! Kafin Juma'a tsohuwar nan ta kwashe kayanta. In mijinki ba zai iya ba, ni zan hau mota."

Na ce, "To, Inna." Amma ina tsohuwa za ta samu ɗaki a lokacin da mutane ke gudun baƙo kamar wuta? Na roƙi Inna ta ba ni kwana ɗaya.

Washegari na jira ta zauna, na shiga ba sallama, na zauna bakin ƙofa. Ba ta buɗe ido ba. Na jira. Kyandir ya ci kusan gaɓar yatsa, ƙuda ya sauka a goshinta ya tashi. Na kasa kunne ko zan kama wata kalma, ba komai sai numfashi.

Da ta buɗe ido ta gan ni, dariya ta yi. "Ashe ke ma kin iya zama. Matan ƙungiyarmu minti goma suke fara soshe-soshe."

"Maman, me sunan 'yata yake yi a nan?"

Ta ce da ana zuwa coci, sunayen marasa lafiya sukan ba limaminsu ya ambata a taro. Yanzu an rufe. Su kuma a ƙungiyar tasu wasu 'yan mutane ne, ba sistocin coci ba, masu aure da zawarawa, da suka ɗaukar wa kansu zama shiru gaban Allah kowace rana, kowa a ɗakinsa.

"To me kike ce masa?"

"Ba na cewa komai. Shi ya san su. Takardar tawa ce, ni ce mai mantuwa."

"Kujerar fa? Me ya sa take kallon ɗakinmu?"

"Haba, 'yar'uwa! Ɗaya gefen rana ce ke dukan ƙeya."

Amsoshin sun zo da sauƙi, sauƙin ma ya ƙara mini shakka. Na ce a cire sunan. Ba ta yi musu ba. Ta miƙo mini takardar da almakashi, ta ce in yanke da hannuna.

Fallen littafin lakwal ne, cike gaba da baya. Na bi da yatsa. Ga mai gyaran babur na bakin titi, ga matar ladanmu, ga 'yata. Na juya in ga abin da almakashi zai tafi da shi ta baya. Daidai wurin akwai sunan namiji, an bi shi da biro har takarda ta kusa hujewa.

"Wannan fa?"

"Ɗana ne. A likita yake aiki can kudu, ɗakin masu cutar." Ta kau da kai. "Yanke, zan sake rubuta shi."

Na daɗe da almakashi a hannu. Mai sammu ba ta haɗa ɗanta da wanda take nufi a falle ɗaya. Wata zuciyar ta ce mai wayo za ta iya. Na ajiye almakashin.

Da na kira Djougou na ce na duba, a bar ta, Inna ta ce, "Duk abin da ya samu jikata, a wuyanki yake."

Wata biyu na ɗauke shi a wuyan. Ban fasa tofa wa ƙofar 'yata addu'a safe da yamma ba, ban kuma fasa kallon labulen nan ba. In yarinya ta yi tari, sai idona ya tafi ɗakin ƙarshe.

'Yata ta sauka lafiya, mace. Ranar suna ba taro, daga mu sai ladan da wanzami. Bayan an watse Maman ta fito da sabulu biyu a leda, da takardarta, da biro.

"Me aka sa mata?"

Na dubi biron, na dubi fuskarta. Sannan na karɓa na durƙusa, na ɗora takardar a gwiwa, na rubuta da kaina, baƙi bayan baƙi. In dai sunan zai kwanta ƙarƙashin kyandir, gara in san hannun da ya rubuta shi.