Ƙofar Yatsa Ɗaya

Ɗahiru yana tsugune a gindin wata ƙofar ƙarfe a Mahuta, da safiyar Lahadi, yana leƙen hinjinta, sai wayarsa ta yi ƙara. Tracy ce, babbar 'yar abokinsa Shekari.

"Baba Ɗahiru," ta ce, "Dadi ya faɗi yana shirin coci. Kafin mu isa asibiti ya cika."

Ɗahiru ya zauna daɓas a ƙasa. Ƙofar da ya jingina da ita aikin Shekari ce, kuma ba gaisuwa ta kawo shi gidan ba. Leƙen asiri ya zo yi, kamar yadda ya saba shekara da shekaru.

Tun suna samari suka haɗu a wata masaƙa a Kakuri, dukansu masu walda a sashen gyaran injuna. Kwano ɗaya suke ci. In azumi ya zo, Shekari kan ɓuya bayan tanki ya ci abincinsa don kada abokinsa ya gani. Da masaƙar ta rufe, kowa ya kama gabansa. Ɗahiru ya buɗe rumfa a Makera, Shekari ya kafa tasa a Unguwar Boro.

Shekari bai fara ƙera ƙofa don suna ba. Bayan rikicin da ya tashe su daga tsallaken kogi, sun tare a gidan da ko katanga ba a gama ba. Matarsa Eunice ta daina barci. Motsin akuya ma sai ta zabura ta rungume yara. Shekari ya tattaro ragowar ƙarafa ya yi mata ƙofa, amma sai ƙarar buɗe ta ta zama sabon abin firgita. Sau huɗu yana sauke ta yana sake ɗorawa, har ta koma buɗewa shiru. Ranar Eunice ta yi barci har rana ta take.

Daga nan ya ɗauki wata al'ada. Ba ya kwashe kayan aikinsa daga gidan da ya ɗora wa ƙofa sai an kira tsohuwar da ta fi kowa shekaru ta tura ƙofar da yatsa ɗaya. In ta yi nishi, ko ƙofar ta yi ƙara, sai ya sauke. Ba a jima ba aka fara cewa, "A kira mai yatsa ɗaya." Daga Unguwar Boro har Kudenda sunansa ke nan.

Wannan suna shi ya tsaya wa Ɗahiru a maƙogwaro. Shi ne ya koya wa Shekari riƙon kan walda. Ƙofofin Ɗahiru sun fi kyau nesa ba kusa ba, da furanni da ganyaye da ya lanƙwasa da hannunsa. Amma damina ɗaya in ta wuce sai su fara kuka. Wata rana wani Alhaji ya yaba aikinsa sosai, sannan ya ce, "Malam, ba za ka kira abokin nan naka ya ɗora mana ita ba?" Ɗahiru ya yi murmushi. Da ya koma gida ko tuwo bai iya ci ba.

Yana son Shekari, Allah ya sani. Shi ya fara isa asibiti ranar da aka haifi Tracy. Amma in ya ji ana yabonsa, sai kishi ya kama shi. Tambaya ɗaya ce za ta kashe maganar, sai dai bakinsa ya ƙi buɗuwa. Yaya malami zai tambayi ɗalibinsa? Sai ya zaɓi Lahadi, lokacin da ya tabbata Shekari yana coci, ya hau babur ya bi sabbin ƙofofinsa ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, yana aunawa. Bai gano sirrin ba. Amma garin nema hannunsa ya faɗa, aikinsa ya yi ƙarko, har ya ɗauki ma'aikata shida. Duk da haka ƙofarsa tana bukatar tafin hannu.

Ranar Alhamis kafin rasuwar, sun haɗu wurin mai sayar da ƙarfe. Shekari ya ja shi inuwa, ya sayo musu kunun aya.

"Malam Fure," ya ce, don haka yake kiransa, "an ce wani mai farin gemu yana zuwa gaida ƙofofina duk Lahadi. Har da tsugunawa."

Ɗahiru ya ƙware. "Wa ya ce?"

"Kowa ma! Wata tsohuwa a Mahuta ta ɗauka ɓarawo ne, na ce mata a'a, sufeto na ne." Ya yi dariya har da tari. "Ka san saboda kai nake goge har ƙasan da ido ba ya kaiwa? In na gaji sai in ce, kai, Ɗahiru zai zo. Ni kuwa furen nan naka, sau nawa na gwada a ɓoye, sai ya fito kamar kabeji."

"Dama kabeji ya dace da kai."

"Na yarda. To ka zo Litinin in nuna maka abin. Minti biyar ne, mutumina. Mun tsufa."

Ɗahiru ya kau da kai yana kaɗa gorar kunun.

"Riƙe abinka," ya ce. "Da kaina zan gano."

Shekari ya dafa kafaɗarsa, ya miƙe yana kakkaɓe wando.

"To Allah ya ba da sa'a, sufeto. Akwai sabuwa a Mahuta, layin bayan makaranta. Ka je Lahadi ka duba mini ita."

"Zan je," in ji Ɗahiru.