Ranar da Na'ura Ta Yi wa Rasuwa Barka

Ban taɓa mantawa da wata Laraba ta tsakiyar damina ba, ranar da na'urar da nake kula da ita ta yi wa rasuwa barka. Ku da kuka kama aiki bayanmu kun sha ganin ina tada jijiyar wuya idan mutum ya goge abin da ya rubuta a littafin aiki. Na san wasunku na ce mini Malam Isyaku sarkin mita, kunnena lafiyarsa ƙalau. To yau ga dalilin mitar.

A lokacin ni ne babban jami'in fasaha na ɗakin kwamfuta a tsangayar kimiyya ta jami'a, nan Wudil. Ga wanda bai san aikin ba, mu ba ma shiga aji, ba a kuma sa sunanmu a takardun bincike. Namu shi ne na'ura ta tashi, ta yi aiki, kada ta ƙone. Babbar kwamfuta ɗaya tak muke da ita mai ɗaukar lissafi mai nauyi, don haka layi ake bi kamar a famfon unguwa. Mai bincike ya cike takarda, shugaban sashensa ya sa hannu, ni kuma in rubuta masa kwanakinsa a allo.

Mutum uku ne suka fi cinye mini allon. Akwai Dakta Sa'idu na sashen fiziks, mutumin Lajawa, abokin cin abincina, wanda bincikensa a kan maganaɗisu yake. Yakan sauka bakin kogi wurin masu ɗibar yashi, ya ja mayen ƙarfe ya tsinto baƙin yashin nan mai manne masa, ya ƙona, ya auna, har masu yashin suna tambayarsa ko zinariya yake nema. Akwai Farfesa Garba na sashen lissafi, dattijon da ba a cika ganin haƙoransa ba. Fanninsa shi ne inda aljabara ta haɗu da siffofi: a ba shi lissafi, ya gaya maka irin lanƙwasar layin da zai haifar. Ta ukun ita ce Malama Rabi, ƙaramar malama a sashen kwamfuta, mai neman digiri na uku. Labarin nata ne.

Abin da ta yi, ta tara labaran Hausa na shekaru daga jaridu da shafukan gidajen rediyo, ta koya wa kwamfuta ta raba su. Labari mai daɗi a sa masa kore, marar daɗi a sa masa ja. So take ta san ina labaranmu suka fi karkata. Amma kwamfuta ba ta jin Hausa, sai an ba ta jerin kalmomi, kowace da makinta. Sai Malama Rabi ta roƙe ni da wasu ma'aikata biyu, waɗanda take ganin mun sha Hausa a nono, mu sa wa kalmomin maki. Na karɓa ina hura hanci. Gobara, ambaliya, hatsari, rasuwa, duk na ba su ja. Rahama, gafara, Aljanna, gaskiya, haƙuri, alheri, na ba su kore, maki mafi girma. Ku gaya mini, wane Musulmi ne hannunsa zai iya sa wa Aljanna ja?

Sakamako ya fito gwanin sha'awa: labaran Hausa sun fi yadda ake zato yawan farin ciki. Mai duba aikinta ya yi murna, mu ma muka taya. Saura kwana goma sha biyu ta miƙa kundinta, kuma shekarun rajistarta sun zo ƙarshe. Ƙa'ida ita ce, wanda wa'adinsa ya cika bai miƙa ba sai ya nemi ƙari daga kwamitin manyan digiri. In an hana shi, an share sunansa ke nan. Shekara biyar ta yi tana wannan aiki, ga koyarwa, ga 'ya'ya huɗu.

Ranar Litinin Dakta Sa'idu ya koyar da safe, ya leƙo ya ce mini kansa na sarawa, zai je gida ya ɗan kwanta. Kafin la'asar sai labari. Muka bi gawa Lajawa, aka kai shi makwancinsa kafin magariba, Talata muka wuni a zaman makoki. Na yi rashin mutane a rayuwata, amma wannan mutuwar ta doke ni ƙwarai.

Laraba da hantsi na dawo aiki jiki ba ƙwari. Manhajar Malama Rabi takan kwaso sababbin labarai kowace safiya, na tarar da Malamar zaune tana dubawa. Sai na ji ta ce, a hankali, "Malam, zo ka ga wani abu."

Sanarwar rasuwar Dakta Sa'idu ce a wani shafin labarai. An rubuta cewa Allah ya yi masa rasuwa, mutum ne mai gaskiya, mai haƙuri, mai son alheri. Allah ya jiƙansa da rahama, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa. A gefenta ga kore shar. Ba kore kaɗai ba, ita ce a saman jerin, wato labarin da ya fi kowane daɗi a wannan rana.

Raina ya ɓaci har na kai hannu zan zare wayar wuta. Ta ce, "Malam, ba laifinta ba ne. Ƙirga mana." Muka ƙirga. Rasuwa sau ɗaya ta fito. Kalmomin da na ba maki mafi girma da hannuna, guda shida. Sai ta rubuta "Allah ya jiƙan" ta ce a nemo mata duk labarin da ke ɗauke da shi. Shafi bayan shafi suka yi ta zubowa: hatsarin mota, kifewar kwalekwale, gini ya rufta, gobarar kasuwa. Duk inda aka rasa rai muka bi da addu'a, na'ura ta sa kore. Farin cikin da muka yi ta tafa wa ashe makoki ne.

Abin da na ce mata a nan shi ne abin da nake jin kunyarsa har gobe. Na tura ƙofa na ce, "Malama, ni da ke kaɗai muka ga wannan. Mai jarrabawar da zai zo daga waje ba zai bi labari ɗaya-ɗaya ba. A bar kaza cikin gashinta. Ki karɓi digirinki, kya gyara daga baya."

Na nuna kamar tausayinta ne kawai. Akwai tausayin, amma akwai kuma tsoron a ce Isyaku mai taƙama da Hausa shi ya ɓata jerin. Hawaye suka zubo wa Malama Rabi. Ta ce, "Gyaran nan ba na kwana goma ba ne, Malam, na watanni ne. In na faɗa, wataƙila shi ke nan. In kuma na rufe, duk ranar da aka ce mini Dakta, koren nan zan gani." Ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta ce mini e ko a'a ba.

Washegari shugaban sashen fiziks ya aiko in je ofishin marigayi in tantance na'urorin tsangaya, kamar yadda ake yi idan ma'aikaci ya rasu, a raba na hukuma da na magada. Butarsa na nan da sauran ruwa. A ƙarƙashin wani ma'auni na ga littafin awonsa, na buɗe don in ga ko na hukuma ne. Komai da biro ya rubuta shi, babu fensir ko ɗaya. Inda ya yi kuskure layi ɗaya yake ja a kai, yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, ya rubuta dalili a gefe. "Kuskurena ne, ban bari ya huce ba." "Na manta makulli a aljihuna, ya ja allurar ma'auni." A wani shafi ya ja layi tun daga sama har ƙasa, ya rubuta: "Aikin wata uku ya tafi. Alhamdu lillahi da na gani kafin wani ya dogara da shi."

Na zauna a kujerarsa, kunya ta rufe ni. Shekara da shekaru muna cin abinci kwano ɗaya da mutumin nan, bai kwana uku a kabari ba na yi amfani da sanarwar rasuwarsa ina koya wa ƙaramar malama rufa-rufa.

Na ɗauki littafin na nufi ofishin Malama Rabi don in janye maganata. Ashe ta riga ni. Wasiƙar neman ƙarin lokaci na kan tebur, ta bayyana wa kwamiti komai, ta ɗora laifin a kanta ita kaɗai. Na ce ta sa sunana. Ta ce, "Haba Malam, taimakona ka yi." Ban yi musu da ita ba. Na koma na rubuta tawa, na manna a bayan tata.

Kwamitin ya zauna Litinin, Farfesa Garba ne shugaba, ni ma an kira ni saboda wasiƙata. Yadda ake yi, ɗalibi ya yi bayani a tsaye, mai duba shi ya yi nasa, sannan a fitar da su a yanke hukunci. Mai duba ta ya nuna ɓacin ransa, yana ganin da an sa 'yar ƙaramar sanarwa a ƙarshen kundin da ta wadatar. Wani ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, in aka yi wa ɗaya sai an yi wa goma. Farfesa ya dubi Malama Rabi. Ya ce, "Rabi, karanta mana labarin da ya tona asirin."

Ta fara karantawa har ta kai "Allah ya jiƙansa da rahama". Duk ɗakin, har da mai maganar ƙa'ida, aka amsa da amin.

Farfesa ya cire tabarau ya ce, "Kun ji ko? Yanzun nan muka yi abin da ya rikita na'urar. Bahaushe ba ya barin gawa ba sutura, ko a ƙasa ko a magana." Ya juya wurinta. "Ni tun ina saurayi layi nake bi. Inda ya miƙe sumul ba ya koya mini komai. Inda ya harɗe, nan nake kafa kujera in zauna. Ke kin sami harɗewarki kin zo kina ba da haƙuri. Kundin da kika so kawo mana ƙarya ne, amma wannan da kika gano gaskiya ne, shi za ki rubuta." Sannan ya ɗaga wasiƙata. "Isyaku, kai ka sa wa Aljanna kore?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ni ma da shi zan sa. Tunda da hannunka a ɓarna, sai ka sa shi a gyara."

Aka ba ta ƙarin zango ɗaya, na ƙarshe. Kada ku ɗauka ta sha da sauƙi. Babi biyu ta zubar, ƙarin girman shekarar ya wuce ta, waɗanda suka kama aiki tare suka shige gabanta, wasu har suna yi mata kallon wadda ta kai kanta ƙara. Muka bar sa wa kalma maki, muka koma karanta labari sukutum da ido, ɗaya bayan ɗaya. Kullum bayan azahar nakan yi nawa kason. Ban taɓa karanta mutuwa da yawa irin na watannin nan ba, wata rana sai na fita na sha iska. A nan ne ta ga launi biyu ba su isa ba, don sanarwar rasuwa ba irin labarin fashi ba ce, akwai baƙin ciki a ciki akwai kuma fata. Ta ƙara na uku, na ta'aziyya. Da ta tambaye ni wane launi za a ba shi, na ce fari, ba ta kuma tambaye ni dalili ba.

Ranar da aka gama gyara, kafin a saka komai ta ce a fara da sanarwar Dakta Sa'idu. Ni na danna. Ta fito fari. Malama Rabi ta ce, "Allah ya jiƙan Dakta." Na ce amin, na juya baya.

Ta kare kundinta, yau Dakta Rabi ce, babin ta'aziyyar nan kuma shi mai jarrabawa ya fi tsayawa a kai. Ni abin da na tsira da shi guda biyu ne. Na gane mutanenmu sun fi ambaton rahama a ranar da suka fi shan ɗaci, duk wanda zai auna mu, mutum ko na'ura, sai ya san wannan. Na kuma gane a aikin bincike kuskure ba ya kashe mutum, gogewa ce ke kashe shi. Iyalan marigayi sun bar wa tsangaya littafin nan, yana cikin durowata, mai so ya zo ya gani. Saboda haka in kun yi kuskure a littafin aiki, ku ja layi ɗaya, ku rubuta dalili, ku sa sunanku. In na kama mutum da abin gogewa, da ni yake zancen.