Haɓar Gyalen Gwaggo

Tun tana budurwa Gwaggo ba ta yarda da hannun mutane ba. In aka miƙo mata abu, sai ta fara duba faratan mai miƙowa. A dangi ita ce mai jinya: duk wanda aka ba gado a asibiti, ita ke naɗe tabarma ta bi shi. A can ta fara jin labarin ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, ta ce dama jikinta ya ba ta akwai abin da ake ɓoye mata.

Daga ranar ta daina taɓa kayan asibiti da tafin hannunta. Mariƙin ƙofa, kan famfo, ƙarfen gado, sakatar banɗaki, duk da haɓar gyalenta take kamawa. 'Ya'yan ƙannenta suka laƙaba mata Gwaggo Kar-a-taɓa. Da ta ji, ta ce sunan ya yi.

Bana jinyar ta faɗo cikin gida. Mijinta Malam, tsohon kafinta da ya ƙi yarda ya tsufa, ya suɓuto daga tsani ya karya ƙwauri. Aka yi masa aiki aka ɗinke. Maimakon ɗinkin ya bushe, sai gefensa ya yi ja, ya soma ruwa, zazzaɓi ya biyo baya. Likita ya ce in magani bai ci ba, sai an koma ɗakin tiyata an sake buɗewa. Malam, wanda zarto bai taɓa ba shi tsoro ba, ya yi tsuru-tsuru.

Gwaggo kuwa ta ce ciwo ba ya da ƙafa, wani ne ya kawo shi. Ta fara da mai goge ƙasa, wadda tsummanta ke zaga kowane gado. Ta koma kan maƙwabcin gadonsu, ta ce da gangan yake juyo da tarinsa wajensu. Ƙanin Malam ya zo dubiya daga kasuwa, ta tisa ƙeyarsa zuwa famfo tun bai gama sallama ba. Nas ɗin da ke wanke ciwon ma ba ta tsira ba.

"Sista, wannan safar hannun sabuwa ce, ko ta wancan gadon ce?"

Nas ɗin ta nuna mata tsohuwar a kwandon shara. Gwaggo ta leƙa sosai kafin ta zauna.

Wata safiya nas ɗin tana shirya kayan wanke ciwon sai ga Gwaggo daga banɗaki. Ta ja ƙofa da haɓar gyale, ta zo ta share wa Malam gumi da ita. Sannan ta ɗaga gefen bandeji a hankali, yadda ta saba, ta dangwale ɗan ruwan da ya tsattsafo.

"Mama, yaushe rabon gyalen nan da sabulu?"

Gwaggo ta ce ai shi ne garkuwarta, da wa za ta bar shi? Nas ɗin ta rage murya ta lissafa mata wuraren da haɓar ta gaisa da su tun asuba, har ta iso kan ɗinkin. Ta ce ba za ta rantse shi ne ba, amma bandejin nan kada kowa ya ƙara ɗaga shi, kuma hannu wanke shi ake yi, ba ɓoye shi ba.

Gwaggo ta daɗe tana kallon haɓar, kallon da ake yi wa amintaccen ɗan gida da aka kama da hannu a tukunya. Ranar gyalen ya sha ruwan zafi, ita kuma ta wanke hannu har yatsunta suka yi yaushi.

Jan ya fara ja da baya, zazzaɓin ya sauka, ba a koma tiyata ba. Da bakin Malam ya dawo, sai ya ce, "Kin tuhumi asibiti kaf, ashe mutumin yana kafaɗarki."

Ta ce ya yi ta kansa, mai tsani. Ta miƙa masa ruwa da hannunta, tana harare-harare wajen mai goge ƙasa. Ta ce ita wannan har yanzu ba ta wanke ta ba.