Ɓari Huɗu a Kife

Abdulazeez Bayarabe ne daga ƙasar Oyo. Na san shi a shekarar 1996, yana sayar da magani a wata saidaliyya a unguwar Aziziyya, a Madina. Mutum ne siriri, mai tsabtar farce, yana rubuta adadin ƙwaya a jikin kwali da irin rubutun da aka koya mana a makarantar mishan, harafi a tsaye, babu kankara. Rubutun ne ya fara haɗa mu. Hausarsa ta Sabon Garin Kano ce, inda ya yi karatu.

Mahaifinsa babalawo ne, wato mai duba na Ifa, wanda Yarbawa ke zuwa wurinsa ya tambayar musu abin bautarsu. Tun Abdulazeez yana ƙarami yake zama gefen faifan duba, har ya iya karanta yadda abubuwa suka faɗi. Da ya musulunta sai uban ya daina yi masa magana. Shekaru suka wuce, ba gaisuwa, ba saƙo.

A 1999, bayan aikin hajji, wani alhaji ɗan garinsu ya kawo masa ƙunshi a ganye daga mahaifinsa. Tsohon ba shi da lafiya, ya ce ɗansa ya zo su gana. Abdulazeez ya nemi hutu, ya yanki tikiti. Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta makon nan ba.

Muna da al'adar shan shayi bayan la'asar a gidan Badamasi a unguwar Jurf. Badamasi haifaffen Madina ne, jikan Gobirawa, saboda haka tsokanar Bayarabe gado ce a wurinsa. Ran nan Abdulazeez ya buɗe ƙunshin don mu sa albarka. Goro ne, amma ba irin namu mai ɓari biyu ba. Hannunruwa ne, mai ɓari huɗu.

"Kawo nan, bawana," in ji Badamasi. "Goron ma naku sai da ya fi na mutane yawan baki."

Ya ga goron ya fara bushewa, sai ya tsoma yatsu a ruwa ya yayyafa masa, kamar yadda kowane Bahaushe zai yi. Ya fasa shi, yana dariya.

"To ya duktur, wannan tafiya taka, za a je a dawo lafiya kuwa? Ko tsohon zai ɗaure ka a gindin gunki?"

Ya watsa ɓarin a kan tiren shayi don kowa ya ɗauka. Duk huɗun suka faɗi a kife.

Abdulazeez bai miƙa hannu ba. Na ga leɓensa yana motsi, yana a'uziyya.

"Lafiya?" na tambaye shi.

"Baba, ka ga abin da ya yi? Ya ba shi ruwa, ya yi masa tambaya, ya jefa. Haka ake yi a gidanmu, ba a rage komai ba. Huɗu a kife, a wurinsu duhu ne. Mutuwa ce a kan hanya."

Badamasi ya daina dariya. "Ya shaikh, ittaƙillah! A Madina muke. Goro ne kawai, halas, shi ke nan." Ya ɗauki ɓari ɗaya ya tauna da ƙarfi don ya nuna masa.

"Na sani," in ji Abdulazeez. "Ban yarda da shi ba. Amma idona ya riga ya karanta."

Ya je masallaci, ya yi istihara, ya tambayi malamai. Kowa ya gaya masa camfi ne, shi ma ya ce camfi ne. Ranar tafiya Badamasi ya kawo mota don kai shi Jidda. Muka same shi zaune kan akwatinsa, da takalmi a ƙafa. Ya ce a ɗaga zuwa wata mai zuwa, aiki ya yi yawa.

Jirgin ya sauka Legas lafiya. Tsohon kuwa ya rasu kafin watan ya ƙare. Murja, ƙanwar Abdulazeez, ta gaya masa ta waya cewa har ƙarshe tsohon yana sa a juyar da gadonsa ya fuskanci ƙofa.

Abdulazeez ya ci gaba da aiki a saidaliyyar har 2007. Dangi sun yi ta aiko masa ya zo ya ga kabarin, wanda ke cikin ɗakin tsohon kamar yadda suke binne manyansu. Kowace shekara yakan nemi hutu, a ba shi, ya ƙare shi a Madina.