Bakaniken Filifin da Bakaniken Mazaɓarmu

Sai da furfura ta fara fito mini a gemu na shiga ajin yaƙi da jahilci. A Roni ake ajin, cikin wata firamare, bayan la'asar idan yara sun watse. Dukanmu magidanta ne. Malaminmu sa'an ɗana ne, ina ce masa Malam, yana ce mini Baffa. Yadda yake koyarwa shi ne ya karanta jimla, mu amsa gaba ɗaya da murya guda, mu yi ta maimaitawa har ta zauna a ka. Abin da muke karantawa bai wuce gidan sauro da rigakafin shanu da adana gero ba.

Ana shirin zaɓen ƙananan hukumomi Malam ya zo da wasu takardu bugaggu ya raba mana. Labarin wani shugaban ƙasar Filifin ne da ya daɗe da rasuwa. Kafin mulki bakanike ne. Da ya hau, ya buɗe wa talakawa ƙofar fadar gwamnati, yana shiga ƙauyuka da kansa, yana sa a haƙa rijiyoyi. A ƙarshe ya rasu a haɗarin jirgin sama bai cika wa'adinsa ba.

Labarin ya yi mini daɗi, kuma daɗin ne ya fara tayar mini da hankali. Mai neman kansila a mazaɓarmu bakanike ne, garejinsa na Kazaure. Duk inda ya tsaya, alƙawarinsa fanfon burtsatse. Shi ne kuma ya aiko wa ajinmu alli da littattafan rubutu. Ga mu nan kullum, dattawa da iyali, muna rera "bakanike ne, ya haƙa rijiyoyi" har masu wucewa a titi suna ji.

Maƙwabcina a benci Babarbare ne mai sayar da kanwa. Ni kuwa asalinmu Fulani ne, don haka ba ma raga wa juna. Na faɗa masa abin da ke raina.

Ya ce, "Fillo ke nan. Ko inuwarka ta biyo ka sai ka ce saniyarka take so."

Na ce, "Duk shugabannin duniya, me ya sa sai bakanike?"

"To makiyayi kake so a kawo? Wa zai ba Bafillace ƙasa? Ai sai ya kora ta daji."

Aka yi dariya aka wuce, amma ni abin bai wuce mini ba. Ba a jima ba Malam ya ce za a yi taron ba da takardar shaida, ɗan takarar ne babban baƙo, kuma ni zan karanta labarin a gaban jama'a, don na fi kowa natsuwa a kan harafi. A zuriyarmu ba a taɓa samun wanda ya tsaya a fili ya wasa mutum ba, aikin maroƙa ne. In kuma na ƙi, ban san da wane ido zan ci gaba da zama a ajin ba, ga shi karatun ya fara shiga. Ban son in bar ajin nan.

Na hau babur zuwa Kazaure wajen kawuna, tsohon malamin sakandare ne da ya yi aiki da 'yan Filifin lokacin da ake kawo su koyarwa. Na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa takardar.

Na ce, "Kawu, an yi mutumin nan, ko ƙirƙirarsa aka yi mana?"

Ya sa tabarau ya karanta har ƙasa. Ya ce an yi shi, kuma abin da aka rubuta ba ƙarya ba ne. Sai dai 'yan ƙasar tasa da ya zauna da su ba bakinsu ɗaya a kansa ba. Wata malamar lissafi in ta tuna shi sai idonta ya kawo ruwa, tana cewa a zamaninsa aka haƙa rijiyar ƙauyensu. Mijinta kuwa cewa yake Amurka ce ta ɗaure masa gindi, ita ta yi masa tallan.

Na ce, "To wanne ne gaskiya?"

Ya ce, "Sun koma ƙasarsu ba su gama musun ba. Wanda ya mutu da wuri ba a ganin tsufan mulkinsa. Amma kai ba wannan ya kawo ka ba. Wa ya zaɓo labarin?"

Na ce ban sani ba. Ya ce to in je in tambaya.

Na jira aji ya tashi, na taya Malam share allo. Na ce, "Malam, a gafarce ni, wa ya ba ka labarin nan?"

Ya ce a waya ya gani ya mayar da shi Hausa, don kalmominsa gajeru ne. Ya faɗi haka yana kaɗe alli daga hannun riga, bai dube ni ba. Yana iya zama kunyar babba ce, yana iya zama wani abu daban.

Na ce zan karanta, amma duka zan karanta, har da faɗuwar jirgin. A tunanina, in yabo aka shirya, ba za a yarda a ambaci mutuwa a gaban mai neman kujera ba. Malam ya ce, "Ai dama duka ne, Baffa." Saurin yardar tasa ya ƙara mini wani zargin, na koma gida ina juya shi.

Ranar taro aka kafa rumfa a filin makaranta, aka kawo lasifika da sanƙira. Ni ban lissafa da sanƙira ba. Na fara karatu a hankali, yatsana a kan layi. Ina cewa "bakanike ne" sai ya karɓe da ƙarfi yana nuna ɗan takara: "Jama'a kun ji, bakanike ne." Na ce ya haƙa rijiyoyi, ya ce, "Rijiyoyi, Allah ya maimaita mana." Kowace jimla na ajiye sai ya ɗauka ya kai ta gaban babban baƙo. Na daure na ci gaba, ina jiran in kai ga jirgin.

Da na kai, wurin ya yi tsit, sanƙira ya rasa abin karɓa. Sai ɗan takarar ya miƙe yana murmushi, ya karɓi lasifika ya ce, "Allah sarki. Ku kwantar da hankalinku, ni ko Kano a tsohuwar motata nake zuwa, in ta tsaya in sauka in gyara." Aka kwashe da dariya da tafi. Ya tako ya cire hularsa ya ɗora mini a ka. Ba a mayar da kyautar hula a gaban jama'a. Na tsaya da ita kamar an ɗora mini dutse. Amsar nan tasa ta zo a shirye, ko kuwa shi mai saurin baki ne, har yau ban rabe ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Yayana yana zaune a ƙofar gida, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Ashe roƙo ake koya muku." Na rataye hular a rumbu, na daina zuwa aji.

Babarbaren ne ya biyo ni har gona. Ya ce, "Fillo, an ci kasuwa da kai sau ɗaya, shi ne za ka bar musu kasuwar? Ka bar ni ni kaɗai ina karanta haruffan ba da ɓa kamar mai ciwon haƙori."

Na ce, "Ku Barebari ai ko da malami goma haka za ku ƙare."

Amma maganarsa ta zauna mini. Ɗan takara ba abin da ya rage shi in na zauna a gida, ni ne zan koma dangwala yatsa. Na koma ajin. Malam ya tashi ya gaishe ni, bai tambayi inda na shiga ba, ni ma ban tayar da zancen taro ba. Ya raba sabuwar takarda, ya karanta jimlar farko, aji ya amsa. Ni na yi shiru.

Ya ce, "Baffa, ba ka amsa ba."

Na ce, "Malam, daga yau zan riƙa zuwa da ita gida in karanta ni kaɗai tukuna. In na ga inda ta dosa, gobe sai in amsa."

Ya ce hakan zai sa in riƙa zama baya da kwana guda. Na ce na yarda. Na naɗe takardar na sa a aljihu, na zauna ina sauraron sauran har aka tashi.